Wane bango ne ke ɗaukar nauyin katakon da ya karkata?

Ɗana, jiya a wurin aikinmu na Ƙofar Kaura ka ce tunda katakon rufin ya karkata, ai gajeren bangon ne ke shan nauyin duka. Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba, ya danganta da yadda ka zaunar da kan katakon.

Nauyi ba ya bin gangaren katako, ƙasa yake nufa kai tsaye. Ɗaura dutse a igiya ka saki, ka ga inda ya dosa. Saboda haka awonka na kwance ne, a ƙasa za ka ja tef. Katakonmu mita 5 ne, tsakanin bango da bango mita 4, dogon ya ɗara gajeren da mita 3. A ce ka sassaƙa wa kowane kai mazauni shimfiɗaɗɗe, ya zauna daram a kan bangonsa, sannan ka ɗora siminti buhu biyu, kilo 100, daidai inda igiyar ta sauka mita 1 daga gajeren bango. Ninka 100 da 1, ka raba da 4: dogon bango ya ɗauki kilo 25, sauran 75 na gajeren ne. Matsar da buhunan tsakiya, kowanne ya ɗauki 50, duk da karkatar. Nauyin katakon kansa ma raba daidai suke yi.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne idan jingina kan sama kawai ka yi da jikin dogon bango mai santsi, irin jinginar tsani. Nan bangon ba ya ɗaga komai, turi kawai yake yi. Katako mai kilo 60, tsakiyarsa na mita 2 a kwance, 60 sau 2 ya ba ka 120, ka raba da tsayin nan na mita 3, ka sami 40. Ƙafar katakon ta ɗauke kilo 60 ɗin duka, ga shi kuma tana tura gajeren bango waje da ƙarfin kilo 40. In tsayin ya dawo mita 1 a wannan faɗin, turin ya kai 120. Wallahi wannan turin ne ke tsaga bango, don bulo da tubali suna jure danni daga sama, amma ba sa son turi daga gefe.

Shi ya sa a rufi mai gangare biyu nake hana ku ɗora kwano sai an ɗaure ƙafafun da katakon kwance, shi ke riƙe turin. Gobe in Allah ya kai mu, ka fara duba ƙusoshin mahaɗar nan ta gabas kafin kowa ya hau.