Filin Tambaya da Amsa: Ina Sauran Albashina Ya Shiga?

Wasiƙun wannan karon daga Garwa, Marwa da Ngaundare kusan duk kan takardar albashi suke magana. Alƙaluman da za mu kawo na dokar harajin Kamaru ne, ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu da ke ƙarƙashin CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta ƙasa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kama aiki a wani kamfanin sufuri. Yarjejeniyarmu ta ce sefa 200,000 a wata, amma abin da ya shigo asusuna 176,508 ne. Na tambayi mai lissafin kamfanin, ya ce mini "haraji ne", bai ƙara komai ba. Wane haraji ne ke cin fiye da 23,000? Mai kula da sito, Ngaundare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a sabon aiki. Ba a cuce ka ba, an dai gajarce maka bayani. Yanka shida ne aka yi, kuma kowanne yana da layinsa a takardar albashinka. Ɗauko ta mu bi tare.

Layin CNPS kuɗin fansho ne, kashi 4.2 cikin 100 na albashi, wato 8,400. Wannan ajiyarka ce ta ranar tsufa ko nakasa, kamfani ma yana zuba irin wannan adadin daga aljihunsa da sunanka. Sai layin IRPP, harajin kuɗin shiga, inda yawancin mutane ke rikicewa, domin ba a kan 200,000 ɗin gaba ɗaya ake ɗora shi ba. Ana fara cire kashi 30 cikin 100 a matsayin ɗawainiyar aiki, saura 140,000. A cire 8,400 na CNPS, saura 131,600. Doka ta yafe wa kowane mai albashi 500,000 a shekara, in aka raba wata 12 ya zama 41,667, a cire shi, saura 89,933. A kan wannan ragowar ake ɗaukar kashi 10 cikin 100, ya ba da 8,993.

Ƙarƙashinsa za ka ga CAC, rabon ƙananan hukumomi, kashi 10 cikin 100 na shi harajin kansa: 899. Sai CFC, gudummawar bankin lamunin gidaje, kashi 1 cikin 100 na albashi: 2,000. Sai RAV, kuɗin rediyo da talabijin na CRTV, wanda ke tafiya da rukuni: duk mai albashi daga 100,001 zuwa 200,000 yana biyan 1,950. Na ƙarshe TDL, harajin raya ƙaramar hukuma, 1,250 a wata ga mai albashin tushe daga 150,001 zuwa 200,000. Tara su duka: 23,492. Cire daga 200,000, ga 176,508 ɗinka ko dala ba ta ɓace ba.

Kuskuren tun ranar ciniki ya faru. Duk wanda za a ɗauka aiki ya tambaya a fili: adadin nan kafin yanka ne ko wanda zan karɓa a hannu? A rubuta amsar cikin yarjejeniya. Kuma in ka ga abokin aikinka albashinku ɗaya amma an fi yanke masa, duba ko kamfani ya ba shi gida ko mota. Doka tana lissafa gida a matsayin ƙarin kashi 15 cikin 100 na albashi, mota 10, lantarki 4, ruwa 2, sannan a ɗora haraji a kai ko da mutum bai ga kuɗin a hannunsa ba.

Tambaya: Albashina 200,000 ne. A Disamba aka ba mu albashin wata na 13, aka haɗa ya zama 400,000. A watan nan an yanke mini kusan 54,000, alhali na saba ganin 23,000 da 'yan kai. Na yi ƙorafi, aka ce in kwantar da hankali za a daidaita lissafin shekara a mayar mini da abin da ya wuce. Na sa rai da 30,000. Da kuɗin suka zo, 3,000 na gani. Cin amana ne ko kuwa? Ma'aikaciyar asibiti mai zaman kansa, Garwa.

Amsa: Hajiya, mun san zafin sa rai da kuɗi har an yi musu gurbi, sai su zo a tsuke. Amma mun buga lissafin, 3,000 ɗin daidai ne. Ga yadda abin yake.

Harajin IRPP na shekara ne, kuma hawa huɗu gare shi: miliyan 2 na farko na kuɗin da ya rage bayan cire-ciren da muka nuna a sama ana ɗaukar kashi 10, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15, zuwa miliyan 5 kashi 25, abin da ya haura kashi 35. Tunda wata-wata ake yanka, na'urar lissafin albashi tana raba waɗannan iyakoki gida 12, sai hawa na farko ya tsaya a 166,667 a wata. Ita na'urar ba ta san Disamba wata ne na musamman ba. Da ta ga 400,000 sai ta ɗauke ki a mai samun haka kowane wata. Ta cire kashi 30, ta cire CNPS 16,800, ta cire 41,667, ya rage 221,533. Ta ɗauki kashi 10 a kan 166,667, ta ɗauki kashi 15 a kan sauran 54,866, haraji ya zama 24,897.

Yanzu a duba shekarar gaba ɗaya. Kin samu 2,600,000. Bayan cire kashi 30, da CNPS 109,200, da 500,000 na yafiya, saura 1,210,800. Bai kai miliyan 2 ba, ke nan ba ki taɓa barin hawan kashi 10 ba, harajinki na shekara 121,080 ne. Abin da aka yanke miki cikin wata 12 kusan 123,820 ne. Rarar kusan 2,740, a ƙara CAC ɗinta, ya tashi 3,000 da 'yan canji. Iyakar abin da aka zalunce ki ke nan, kashi 5 ɗin da aka ɗora a kan 54,866 ba bisa ƙa'ida ba.

To ina sauran 27,000 ɗin? Kusan 13,160 harajin halal ne a kan ƙarin 200,000 da kika karɓa, domin albashin wata na 13 kuɗin shiga ne kamar kowanne, ga CAC ɗinsa 1,316. Ƙarin 8,400 ya tafi CNPS, ƙarin 2,000 ya tafi CFC, RAV kuma ya tashi daga 1,950 zuwa 4,550 saboda watan ya faɗa rukunin 300,001 zuwa 400,000. Waɗannan ukun ba sa shiga daidaitawar harajin kuɗin shiga. Abin da muke so kowane mai karatu ya riƙe shi ne, cikin layuka shida na takardar albashi, IRPP da CAC kaɗai ake sake aunawa da ma'aunin shekara. Duk wanda ya tara jimillar yankan da aka yi masa ya ce ita yake jira, hangen Dala yake yi, bai shiga birni ba. Laifin da muke gani a wajen ofishinku shi ne barin ki da kalmar "za a mayar" ba tare da faɗin adadi ba, alhali lissafin minti biyar ne.

Akwai inda rarar ke da ɗan kauri, wato ga wanda bai cika shekara yana aiki ba. Mai albashin 200,000 da ya yi wata 6 ya tsaya, bai kuma samu wani kuɗin shiga ba, rabin yafiyar 500,000 kawai ya mora a takardunsa. A lissafin shekara harajinsa 28,960 ne, an kuwa yanke masa 53,958, rarar ta kusa 25,000, in an haɗa da CAC ta kusa 27,500. Ko shi ɗin, cikin kusan 141,000 da aka yanke masa duka-duka, wannan ne kawai abin nema. Kuma ba ya zuwa da kansa. Sai ya haɗa takardun albashinsa na watannin, da lambarsa ta mai biyan haraji wato NIU, ya rubuta takardar neman haƙƙi zuwa cibiyar harajin da yake ƙarƙashinta, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In ana bin sa wani harajin, kamar na fili ko na gidan haya, ya san za a duba wannan tukuna.

Tambaya: An ce za a ƙara mini albashi, wani abokina ya ce in yi hattara, in na shiga hawa na gaba haraji zai cinye ƙarin har ya taɓa na da. Gaskiya ne? Makaniken injin gurzar auduga, Marwa.

Amsa: A kan IRPP, abokinka bai yi daidai ba. Hawan haraji kamar randuna ne a jere: sai ta farko ta cika, abin da ya malalo ne kaɗai ke shiga ta biyu. Kashi 15 ba ya taɓa kuɗin da ke cikin hawan kashi 10. Ma'aikacin da ba shi da gida ko motar kamfani ma ba ya fara taɓa kashi 15 sai albashinsa ya kai wajen 317,000 a wata.

Inda maganarsa ke da ƙamshin gaskiya shi ne RAV da TDL, su da ke tsalle da rukuni. Wanda ke kan 200,000 cif aka ƙara masa 1,000, RAV ɗinsa zai tashi daga 1,950 zuwa 3,250, TDL daga 1,250 zuwa 1,500, sauran layukan su ɗan motsa, ya koma gida da ƙasa da abin da ya saba da kusan 675. Ƙarin 5,000 kuwa ya shanye wannan tsallen har da saura. Karɓi ƙarinka, Malam, in dai ba ɗan mitsitsi ba ne a bakin iyaka.

Tambaya: Ina koyarwa a makaranta mai zaman kanta da safe, da yamma kuma ina riƙe wa wani kamfani littafin lissafi. Duka biyun suna yanke mini haraji. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Na cika bayanin kuɗin shiga na shekara ina tsammanin za a rage mini saboda iyali, sai na ga wai ni ake bi. Ta yaya? Malamin makaranta, Garwa.

Amsa: Allah ya raya zuri'a, Malam. Abu biyu ne suka haɗu maka. Na farko, harajin albashi a Kamaru ba ya duban yawan mata ko 'ya'ya. Gwauro da mai gida cike, in albashinsu ɗaya, IRPP ɗinsu ɗaya. Taimakon iyali ta CNPS yake fitowa, kuɗin yara da aka ɗaga zuwa 4,500 ga kowane yaro a wata a 2024, kuma ba a ɗora masa haraji. In ba ka karɓa, kai takardun haihuwar yaran da shaidar suna makaranta ofishin CNPS, wannan haƙƙinka ne da ya fi ragin da kake nema.

Na biyu shi ne ainihin abin da ya jawo bashin. Yafiyar 500,000 ɗaya ce ga mutum ɗaya a shekara, amma kowane ɗaya daga masu biyanka yana lissafi kamar shi kaɗai gare ka. Makaranta ta cire maka 41,667 kowane wata, kamfani ma ya cire. Da hukumar haraji ta haɗa albashin biyu wuri ɗaya, sai yafiya ɗaya ta faɗi. In kowane albashin ya kai ya cinye yafiyarsa, kashi 10 na 500,000 shi ne 50,000, in an haɗa da CAC ya zama 55,000, mafi ƙaranci ke nan. In kuma haɗin ya tura ragowar ta haura miliyan 2, abin da ya haura ya koma kashi 15, bashin ya ƙaru.

Tun 2024 Babbar Hukumar Haraji, DGI, ta matsa kan wannan bayani na shekara ga masu albashi, ana cika shi a shafinta na intanet, impots.cm, da lambar NIU. Kada ka ɓoye aiki na biyu, domin kowane mai ɗaukar ma'aikata yana miƙa wa hukuma sunayen ma'aikatansa da abin da ya biya su, kuma bashin haraji yana hana mutum takardar shaidar cika haraji da ake nema a harkoki da yawa, har da neman biza. Abin yi shi ne ka riƙa ware wajen 4,600 kowane wata a gefe, ko fiye in haɗin albashinka ya shiga kashi 15. Wajen cika bayanin kuma, shigar da IRPP da CAC da kowane ɗayansu ya riga ya yanke, layi-layi daga takardun albashinka 24. Mutane da yawa suna rubuta albashi su manta da wannan gurbin, sai na'ura ta nuna ana bin su harajin shekara cikakke wanda sun riga sun biya mafi yawansa. Duba naka tun kafin ka biya, mai yiwuwa bashin bai kai yadda ka gani ba.