Amsa ga mai tambaya kan baƙar motar da fentinta ya dusashe

Malam, ka ce motarka baƙa ce, ta kai shekara goma, sheƙinta ya tafi, idan rana ta haska bonet da ƙofofi kana ganin ƙananan karce masu zagaye-zagaye, akwai dogon karce guda a ƙofar direba, sannan wani wuri a gefen rufin ya yi fari-fari har ya fara ɓarewa. Kana son sanin ko folish zai dawo da ita ko sai an sake fenti, da kuma ko ya dace ka sayi injin goge ka yi aikin da kanka. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, matsaloli uku ka lissafa, kowacce da nata magani, ɗaya daga cikinsu kuwa babu folish ɗin da zai gyara ta.

Kafin a ɗora wa mota kowane irin mai, ya kamata a san abin da ake gogewa. Fentin yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau hawa-hawa ne. A jikin ƙarfen akwai shafin da ke hana tsatsa, sai firama, wato shafin share fage da launi ke kamawa a kansa, sai launin da ido ke gani, sai kuma shafi na ƙarshe marar launi da masu fenti ke kira kiliya. Idan aka haɗa su duka a motar da ba a taɓa sake wa fenti ba, kaurinsu yakan faɗa tsakanin maikiron 100 da 180 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kiliyar ita kaɗai kuwa tsakanin 35 da 50. Takardar rubutu ta ofis kaurinta kimanin maikiron 100 ne, ke nan kiliyar motarka da wuya ta wuce rabin kaurin takarda ɗaya. Mutane da yawa suna zaton folish wani abu ne da ake shafawa ya ƙara wa fenti ƙyalli, alhali ainihin aikinsa kankara ne: yana cin saman kiliyar kaɗan-kaɗan har sai ya daidaita da gindin karcen, sai haske ya daina warwatsuwa, ido ya ga sheƙi. Duk abin da aka cire ya tafi ke nan, ba ya tofowa. Sinadaran da ke kare launi daga ƙunar hasken rana kuma a cikin wannan kiliyar suke, shi ya sa masu sana'ar da suka san abin da suke yi ba sa yarda su ci fiye da kimanin rubu'inta a tsawon rayuwar motar. Duk shawarar da zan ba ka a kan wannan ta ginu.

Zan fara da rufin, domin a nan ne aka fi asarar kuɗi da lokaci. Farin da ka gani yana ɓarewa alama ce ta cewa kiliyar ta mutu, ta rabu da launin da ke ƙarƙashinta. Rufi da bonet da saman but ne suka fi saurin kamuwa, saboda su ne ke fuskantar rana kai tsaye, baƙin fenti kuma ya fi kowane launi ɗaukar zafi. Idan ka sa inji a wurin, gefen da ya ɗago zai ƙara saɓulewa, tabon ya faɗaɗa. Wani zai shafa masa mai ko kaki ya yi duhu na 'yan kwanaki ka ɗauka ya warke, da an wanke motar sau biyu farin ya dawo. Maganinsa kawai shi ne a goge rufin da sanfefa a sake fesa launi da kiliya, kuma gara a yi rufin gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe, domin facin kiliya a tsakiyar faffaɗan wuri yakan bayyana bayan wani lokaci. Ka kuma duba bonet ɗin sosai da tocila. Idan ka ga ƙananan tsaga masu rassa a cikin fentin, ko wani hazo-hazo da bai tafi ba ko da ka jiƙa wurin, shi ma yana kan hanyar da rufin ya bi, goge shi da ƙarfi zai gaggauta mutuwarsa ne kawai.

Dogon karcen ƙofa kuwa gwaji biyu ne za su nuna maka matsayinsa. Ka wanke wurin, ka ja farcenka a hankali ka ratsa karcen. Idan farcen ya wuce bai maƙale ba, mai yiwuwa a saman kiliya ya tsaya, kuma goge zai iya share shi. Idan ya maƙale, ya yi zurfi. Sannan ka zuba masa ruwa: karcen da ya ɓace yayin da yake jiƙe bai ratsa kiliya ba, wanda kuwa ya ci gaba da nuna fari ko toka-toka ya kai firama, idan ka hango ƙarfe kuma sai a hanzarta rufe shi kafin tsatsa ta kama. A kan karce mai zurfi ra'ayina ba ya canzawa: kada ka bi shi har gindi. Domin a share shi gaba ɗaya dole a cinye duk kiliyar da ke kewaye da shi har zurfinsa, garin neman gira a rasa ido. Abin da nake yi shi ne in cika ramin da fenti mai lambar launin motar, wadda ke rubuce a wata 'yar takarda ko faranti a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, da siririn buroshi, shafi kaɗan-kaɗan ana barin kowanne ya bushe. Bayan ya ƙeƙashe sai a daidaita shi da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai lamba 2500 ko 3000, a goge. Ba zai ɓace ɗari bisa ɗari ba, amma wanda ke tsaye taku biyu daga motar ba zai lura ba, kuma kiliyar ƙofar ta tsira.

Sauran jikin motar, wato dusashewar da ƙananan karcen nan masu zagaye, shi ne aikin folish na gaskiya, kuma a nan za ka ga canjin da zai faranta maka rai. Sai dai rabin nasarar tana cikin shirin da ake yi kafin a kunna inji. A wanke motar a inuwa, jikinta a sanyaye, da sabulun wankin mota. Bayan ta bushe ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet. Za ka ji ƙurji-ƙurji da tafin hannu bai ji ba. Kwalta ce, da ƙaron itace, da burbushin ƙarfe daga birki da suka nutse cikin kiliya. Akwai maganin narkar da kwalta, akwai kuma na burbushin ƙarfe wanda yake komawa shunayya idan ya haɗu da shi. Abin da ya rage sai a bi shi da yumɓun goge mota, ana fesa ruwan sabulu domin ya riƙa zamewa, ana ninke shi a kai a kai. Idan yumɓun ya faɗi ƙasa a jefar da shi, domin ya kwashi yashi. Wanda ya tsallake wannan mataki, soson injinsa ne zai tsinci tsakuwar ya riƙa zagayawa da ita a kan fentin.

Idan kana da halin samun na'urar auna kaurin fenti, ka auna kowane ɓangare a wurare da dama. Mota mai shekara goma da wuya a ce ba a taɓa yi mata gyara ko goge ba. Inda na'urar ta nuna sama da 300, galibi an sake fesa wurin. Inda ta haura 1000, akwai fila a ƙasa, wato abin da masu gyara ke cike lotsawar ƙarfe da shi. Inda ta sauka ƙasa da 80, wani ya riga ka cin kiliyar, sai ka bi wurin da mafi laushin abin da kake da shi. Irin na'urar da aka fi samu a kan ƙarfe da alminiyam kawai take aiki, ba ta karanta bamba ta roba, ita kuma roba ba ta sakin zafi da sauri, don haka fentinta ya fi saurin ƙonewa.

Game da inji, iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya, wanda ke zagayawa a kan cibiya guda. Yana da ƙarfi da sauri, amma yana tara zafi a wuri ɗaya, kuma a hannun sabon shiga cikin 'yan daƙiƙu zai iya ratsa fenti a kan kusurwa, ko ya bar wasu inuwoyi masu bin juna da ke fitowa fili a baƙar mota idan rana ta haska. Akwai kuma mai juyi biyu, wanda yake zagayawa yana kuma kaɗawa gefe-gefe, idan aka danna shi da yawa ma juyin yakan tsaya. Shi nake ba ka shawarar saya, ba tare da wata tantama ba. Aikinsa ya fi jinkiri, amma jinkirin ne kariyarka.

Ka rufe robobin gefe, da tambarin mota, da bakin kowane ɓangare da salatif na takarda. Fenti ya fi siranta a kan kusurwoyi da layukan da aka lanƙwasa ƙarfe, saboda yana gangarewa daga wurin lokacin fesawa. Daga nan ka zaɓi wuri guda a ƙofa ko but, kimanin santimita 50 a kan 50, ka yi gwaji da man gogewa mai laushi da soso mai matsakaicin tauri. Ɗigo uku ko huɗu sun isa. Ka baza shi da ƙaramin gudu, sannan ka ƙara, kana tafiyar da injin a hankali, kamar santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, soson a kwance daram, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, a yi a tsaye sannan a yi a kwance. Ka share da tawul na maikirofaiba, ka haska da tocila. Idan karcen sun tafi, ka samu haɗin da za ka yi wa dukan motar, babu dalilin ƙara ƙarfi. Idan sun rage da yawa, sai ka hau mataki ɗaya kawai, ko mai mafi kaushi ko soso mafi ci, ka sake gwadawa, bayan mai kaushi kuma dole a biyo da mai laushi domin ya share hazon da ya bari. Fentin kamfanoni ya bambanta wajen tauri, abin da ya yi wa motar wani aiki ba lalle ya yi wa taka ba, shi ya sa ba na ambata wa kowa sunan mai guda in ce shi ne magani. Ka riƙa taɓa wurin da bayan hannu. Idan ya yi zafin da ba za ka iya barin hannun a kai ba, ka dakata. Ka kuma riƙa tsabtace soson bayan kowane yanki, domin burbushin kiliya da busasshen mai suna toshe shi, ya daina ci ya koma yin karce.

Akwai abin da nake so ka kula da shi ko da wani za ka kai wa aikin. Wasu mayukan suna ɗauke da maiƙo da ke cika karce ya ɓoye su, mota ta fito tana walƙiya, bayan wanki kaɗan komai ya dawo yadda yake. Hanyar ganewa ita ce a goge wurin da sifirit na aisofurofil da aka sirka da ruwa, sannan a haska. Abin da ka gani bayan haka shi ne gaskiyar aikin. Idan kuma soson ya fito da launin motar a wurin da ya kamata a ce akwai kiliya, a tsaya nan take: ko dai an ratsa ta, ko kuma an taɓa fesa wurin da fenti mai hawa ɗaya, marar kiliya. A ganina idan kashi takwas cikin goma na karcen suka tafi a motar da ake hawa kullum, a tsaya a nan, a bar sauran kiliyar domin shekaru masu zuwa.

Fentin da aka goge tsirara yake, sai an rufe shi. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a Brazil, yana ba baƙar mota zurfin launi mai kyau, amma makonni ne zuwa 'yan watanni yake yi, zafi kuma yana rage masa kwana. Shafin kariya na sinadarai yakan kai kusan wata shida. Shafin siramik yana iya kai shekara biyu ko fiye idan an yi shi daidai, yana sauƙaƙa wanki, amma siriri ne ƙwarai, ba ya hana tsakuwa sarar fenti, ba ya hana makulli karce, kuma duk aibin da aka bari a ƙarƙashinsa ya kulle shi. Ga wanda ke farawa, shafin sinadarai ya fi sauƙin sarrafawa.

Karcen nan masu zagaye daga wanki suka fito, daga share ƙura da busasshen tsumma, da soso guda da ake wanke taya da jiki da shi. Idan ba a sauya wannan ba, cikin 'yan watanni za su dawo, kiliyar da aka ci kuma ta tafi a banza. A fara kwarara ruwa ya sauke yashi, a yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, a faro daga sama zuwa ƙasa, a ware wa tayoyi nasu soson. Garin sabulun wanki da na kwanuka suna wanke kakin da ka shafa. Kashin tsuntsu kuwa kada ya wuni a kan fenti cikin rana, domin yana cin kiliya ya bar tabo. A jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke, ba a kankare shi.

Wajen jera aikin, ka fara kai rufin a fesa, sannan a goge sauran jikin, domin ƙurar fesawa takan sauka a kan ƙofofi da gilasai, yumɓu da folish ne za su ɗauke ta. Sabon fentin rufin kuma kada ka shafa masa kaki ko siramik da wuri, saboda sinadaran da aka sirka shi da su suna ci gaba da fita na tsawon makonni. Yawanci ana jira kwana 30 zuwa 90 gwargwadon irin fentin da yadda aka busar da shi, don haka ka tambayi mai fentin adadin da kayan da ya yi amfani da su suke buƙata, kafin lokacin kuma wanki da ruwa da sabulun mota kaɗai ya wadatar.