Tambaya da Amsa: Shin dashen itatuwa jari ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a yankin Gadarif na ƙasar Sudan, ina noman dawa da riɗi. Yayana da ke aiki a Jidda ya tara ɗan kuɗi, yana so mu mayar da wani sashe na gonarmu ta gado gandun itatuwan katako, domin ya ji cewa katako yana ƙara daraja a duniya. Mece ce shawararku?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne katako yana da babbar kasuwa a duniya. A kowace shekara ana sare itacen da ya kai kimanin mita mai kubik biliyan 4 a duniya, kusan rabinsa kuma a murhu yake ƙarewa, a matsayin itacen girki da gawayi. Sauran shi ne ke tafiya gine-gine da kayan ɗaki da takarda, kuma ƙasar Sin ce kan gaba wajen sayen gungume. Sai dai kasuwar nan ta masu manyan gandaye ce da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Mai sayenku shi ne kafinta da magini da mai gawayi na garinku.

Sannan akwai maganar ruwa. Gabaruwa, wadda Larabawan nan ke kira sunut, tana yin kyau a gaɓar Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Kogin Nilu, wajejen Sinja da Sinnar, inda ambaliya ke kwanciya mata duk shekara, kuma da ita aka daɗe ana yin katakon shimfiɗar layin dogo. Amma sai ta yi shekara 25 zuwa 30 kafin ta isa yanka. Itacen turare, wato eucalyptus, yana saurin ba da sandunan rufi, amma mashayin ruwa ne, shi ya sa aka fi ganinsa a gonakin rani na Jazira. Gonar da ke jiran damina kaɗai ba za ta riƙe shi yadda ake so ba.

Da ni ne, dakwara zan dasa, wato hashab. Tana jure fari, tana gyara ƙasar da dawa ta gajiyar, kuma daga shekara ta huɗu ko ta biyar ake fara tsaga ta. Bayan ɗaukewar ruwa, mai tsaga yakan ɗaye siririn ɓawo daga reshe, ya dawo bayan wasu makonni ya tarar ƙaro ya daskare dunƙule-dunƙule, ja-ja, yana ƙyalli. Wannan ƙaron shi ne kayan da duniya ke nema a Sudan, domin ita ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi, ana sa shi a lemon kwalba da alewa da magunguna. Kafin itatuwan su rufe sama kuna iya ci gaba da shuka a tsakaninsu, idan kuma sun tsufa sai a sare su a yi gawayi, a koma noma.

Dokar gandun daji ma ta tanadi a bar kashi 10 cikin 100 na manyan gonakin damina ƙarƙashin itatuwa, ko da yake ba kowa ke bin ta ba. Ku fara da wannan gwargwado. Ku nemi dashe da shawara a ofishin hukumar gandun daji ta ƙasa, ku yi shinge saboda awaki, ku share layin tare gobara.

Abu biyu kada ku yi wasa da su. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula hanyoyin fatauci, don haka kada yayanka ya zuba kuɗin da zai buƙata nan kusa. Kuma tunda gonar ta gado ce, ku tara magada a rubuta wa ya sa kuɗi, wa ya sa ƙarfi, da yadda za a raba ƙaron, a gaban shaidu, tun ba a haƙa ramin farko ba.