Ku Tambayi Malam: Sardauna Barewa ya yi ko Kwalejin Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Ni na ce Sardauna Ahmadu Bello tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa ne, abokina ya ce sam, a Katsina ya yi karatu, bai taɓa zama aji a Zariya ba. Sannan ana cewa makarantar ta fitar da shugabannin ƙasa biyar. Don Allah a warware mana. Daga ɗanka, wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Da kai da abokinka kowa na da gaskiyarsa, domin makaranta ɗaya kuke magana a kai, gari da suna kawai ta riƙa sauyawa. An kafa ta a Katsina a 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, sunan Barewa kuwa sai a 1971 aka raɗa mata. Sardauna ya shiga a 1926 ya fita a 1931, ka ga ke nan duk zamansa a Katsina ya yi shi. Amma 'yan Barewa na cewa nasu ne, kuma ba su yi ƙarya ba.

Abin da ya ɗinke waɗannan garuruwa uku shi ne lamba. Duk yaron da aka ɗauka ana ba shi lambarsa, lissafin kuma bai taɓa yankewa ba tun daga ɗalibin farko a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, shi ne mai lamba 145. Na taɓa zama wajen wani ɗaurin aure a Kaduna kusa da dattawa biyu da ba su san juna ba. Hira ta kai ga makaranta, sai ɗaya ya ce, "Lamba nawa?" Da ɗayan ya faɗa, aka ga ya riga shi shiga makarantar, sai mai tambayar, duk da furfurarsa ta fi yawa, ya miƙe ya ba shi kujerar gaba. Har yau ina ganin abin a idona.

Maganar biyar kuwa haka take, in ka haɗa da Firayim Minista: Tafawa Ɓalewa, Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammed, Alhaji Shehu Shagari da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Shagari zamanin Kaduna ya yi, Gowon da Murtala a Zariya. Shi Umaru sakandarensa a Keffi ya yi, neman babbar shaidar HSC ta gaba da sakandare ne ya kawo shi Barewa, ya gama a 1971. Kada kuma wani ya sako maka Janar Buhari a lissafin don ya ji an ambaci Katsina. Shi makarantar sakandare ta lardin Katsina ya yi, wadda daban take.

Sai dai ni, da na yi shekara talatin da alli a hannu, ba wannan lissafi ne ya fi taɓa ni ba. Kwalejin Katsina don horar da malamai aka gina ta. Sardauna da ya fita, makarantar Midil ta Sakkwato ya koma yana koyarwa kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Ɓalewa Midil ta Bauchi ya koma. Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Arewa, malami ne a Barno. Abubakar Imam a Midil ta Katsina yake koyarwa kafin a ja shi Zariya aikin talifi, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kuma makarantar da ta ba NPC, jam'iyyar su Sardauna, manyanta, ita ce dai ta fitar da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, waɗanda suka tsaya musu a gaba suna kare talakawa. Allo ɗaya, ra'ayi daban, kuma kowannensu sai da ya tsaya gaban yara yana duba littafinsu da jan biro kafin ya hau mumbarin siyasa. Ina son matasanmu su riƙa jin wannan ɓangaren, musamman masu ganin koyarwa aikin wanda ya rasa abin yi ne.

In Allah ya kai ka Katsina, ka nemi tsohon ginin kwalejin, yana nan tsaye. Na je da ɗalibaina sau biyu. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kana shiga daga zafin rana sai sanyi ya rufe ka. Ɗakunan ba su da girman da kake zato, wani yarona ya tsaya tsakiyar ɗaya ya ce, "Malam, nan ne duka?" Na ce masa nan ne. Ka tafi da abokin naka, ku gani tare. Ka gaishe min da 'yan majalisa.