Tambaya da Amsa: Likitan Hanji da Dokar Ɗaura Bel a Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce wani likitan tiyata yana cikin waɗanda suka sa aka wajabta ɗaura bel a mota tun farko. Shin gaskiya ne, kuma wane ne shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Mutumin shi ne Sir Edward Hughes, ɗan ƙasar Ostireliya, wanda aka haifa a 1919, ya rasu a 1998. Ya ƙware a tiyatar babban hanji da dubura, ya sami horo a asibitin St Mark's na birnin Landan, sannan ya koma Melbon, inda ya yi suna wajen yi wa masu ciwon dajin hanji aiki, daga baya kuma ya zama farfesan tiyata a Jami'ar Monash.

Wani zai ce me ya haɗa likitan hanji da titi? Ai ɗakin tiyata ne ya haɗa su, domin can ake kwaso waɗanda haɗari ya rutsa da su, kuma likitoci ne suke ganin yadda mutum yake kasancewa idan mota ta jefar da shi waje ko sitiyari ya doke shi a ƙirji. A 1969 kaɗai mutum 1,034 ne suka mutu a titunan jihar Biktoriya ta Ostireliya, inda birnin Melbon yake. Hughes ya shugabanci kwamitin haɗurran mota na ƙungiyar likitocin tiyata ta Ostireliya da New Zealand, kuma kwamitin ya haɗa kai da 'yan jarida wajen matsa wa 'yan majalisa lamba da hujjojin da aka tattaro daga asibitoci. A ƙarshen 1970 jihar ta wajabta wa direba da fasinja ɗaura bel, dokar da ake ɗauka a matsayin irinta ta farko a duniya, kuma zuwa 1972 sauran jihohin ƙasar duk sun bi sahu.

A ganina, abin yabo shi ne yadda likitan da asibiti ya ishe shi aiki ya ɗauki hana rauni a matsayin wani ɓangare na aikin likita. Kwamitin ya ci gaba da yaƙi da tuƙi cikin maye, kuma a 1976 Biktoriya ta fara tsayar da direbobi a hanya ana gwada numfashinsu don gano waɗanda suka sha giya.