Ƙurjin kunnen yarona zabiya ya ƙi warkewa, ko hasken rana a filin ƙwallo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yarana maza biyu ne. Babban yana buga ƙwallo, ƙaramin kuma zabiya ne, shekararsa 15, kullum yana biye da wansa zuwa filin Haliru Abdu, ya zauna bakin fili yana kallo tun hantsi. Yau wata huɗu wani ƙurji ya fito masa a saman kunne, ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake dawowa. Mai kemis ya ba mu wani mai, maƙwabta kuma sun ce haka fatar zabiya take. Ni dai barci ya gagare ni. Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Ki ajiye man nan yau, ki kai yaron asibiti cikin makon nan, ki ce likitan fata kike son gani. In babu a kusa, a rubuta miki takarda zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Za a iya yanko ɗan guntun fatar a auna, kada hakan ya tsorata ki.

Maganar maƙwabtan nan ita ta fi ci mini rai. "Haka fatarsu take." Na gaji da jin ta. Ba a haihuwar zabiya da gyambo. Jaririn zabiya fatarsa sumul take, rana ce ke cin ta shekara bayan shekara, saboda babu isasshen melanin, sinadarin da ke ba fata launi, da zai tare hasken. Ta fara da ja da saɓa, sai kaushi kamar tsakuwa a kunne, leɓen ƙasa, ƙeya da bayan hannu, daga nan sai ciwon da ya ƙi rufewa. Wannan hanya ce da kan kai ga sankarar fata. Ban ce ita ce a jikin ɗanki ba, tunda ban gan shi ba, amma duk ciwon da ya haura wata guda yana jini a jikin zabiya, a matsayin abin tuhuma muke ɗaukarsa har sai awo ya wanke shi. In an kama ta da wuri, ƙaramar tiyata ce a cire, a koma gida. Amma sai an gama da man shanu, an barbaɗa garin kafso, an biya wa mai magani a kasuwa, sannan a kawo mana yaro ciwo ya cinye rabin kunne.

Shi kuwa mai kemis, da yawa daga mayukan da suke miƙawa akwai sitiroyid a ciki, wato sinadarin da ke danne ja da kumburi, irin su clobetasol. Jan ya lafa, uwa ta yi hamdala, fata kuma ta ƙara sirancewa, ciwon na nan yana aikinsa a ƙasa. Wa ya ba shi izinin duba ciwon da bai san sunansa ba?

Kada ki hana shi kallon ƙwallo, zai tafi a ɓoye ne. Ki saya masa malfa mai faɗin baki, don hular hana-sallah ba ta rufe kunne da ƙeya. Riga mai dogon hannu, tabarau mai tare hasken rana, zama a inuwar rumfa. Man kariya mai lamba SPF 50, a shafa kafin fita, a maimaita duk bayan awa biyu, har kunne da leɓe. Na san da tsada. Duk 13 ga Yuni a taru a yi jawabin ranar zabiya ta duniya, a watse, man bai cika isowa hannun masu buƙata ba. Shi ya sa nake jaddada malfar. Daga ƙarfe 10 zuwa 4 ne rana ta fi illa, kuma hazon hunturu ba ya tare ta gaba ɗaya, kada ya ruɗe ku.

Babban kuwa, baƙar fata na ba shi kariya daidai gwargwado, haɗarinsa zafi ne. A Maris da Afrilu garin nan kan wuce digiri 40. Ya sha ruwa kafin wasa da tsakiyarsa, atisaye kuma da sassafe ko bayan la'asar. Ki ɗora masa aikin duba ƙeya da kunnuwan ƙaninsa duk Juma'a, tunda shi yaron ba ya ganin can.