Makulli Ya Lalace a Gidan Haya: Wa Zai Gyara, Wa Zai Biya Idan An Yi Sata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina haya a hawan ƙasa na wani bene a Jidda, ni da iyalina. A watan jiya ɓarayi suka shiga wa maƙwabcinmu, ni kuma makullin ƙofata ya lalace, tagar kicin ba ta da ƙarafa. Na sha gaya wa mai gadi, shiru. Ina da ikon gyarawa in cire daga kuɗin haya? Idan an yi mini sata, mai gida zai biya ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya tsare gaba, Ya mayar wa maƙwabcinka da alheri.

Zan fara da tambayarka ta biyu. Mai gida ba lamunin dukiyarka ya ɗauka ba; ya ba ka hayar wuri ne, kuma idan ɓarawo ya shiga, ɓarawon ne shari'a take bi da biyan abin da ya ɗauka. Ana iya juyawa kan mai gida ne kawai idan ka tabbatar da abubuwa uku: ya yi sakaci da wani wajibi da ke wuyansa, ka yi asara, kuma wannan sakacin ne ya jawo asarar. A nan ne maganar da ka yi da mai gadi take da rauni, domin ranar da aka je gaban alƙali mai gida zai ce bai taɓa jin labari ba, kai kuma ba ka da abin nunawa.

Saboda haka, yau ɗin nan ka rubuta wa mai gidan ko ofishin dillalin da ke kula da benen. Ka ambaci makullin da tagar, ka haɗa da hotuna, ka faɗi satar da aka yi wa maƙwabcinka, sannan ka ba shi wa'adi bayyananne. Saƙon WhatsApp ya wadatar, domin dokar hujjoji ta Saudiyya da ta fara aiki a 2022 ta amince da saƙonnin waya a matsayin shaida, muddin ba ka goge su ba.

Dokar mu'amaloli tsakanin jama'a, wadda ta fara aiki a Disamba 2023, ta ɗora wa mai gida manyan gyare-gyaren da sai da su gida yake amfanuwa, ta bar wa ɗan haya ƙananan da al'ada ta san nasa ne, sai fa idan yarjejeniyarku ta tsara wani abu daban. A fahimtata, ƙofar da ba ta kulluwa, alhali ba kai ka lalata ta ba, tana cikin kashi na farko. Idan ka sanar da shi ya yi biris, kana iya neman izinin kotu ka gyara ka cire daga haya, kuma dokar ta yi sassauci a kan gyaran gaggawa ko mai ƙaramin kuɗi. Ka riƙe rasit, ka cire daidai abin da ka kashe. Kada ka dakatar da biyan haya gaba ɗaya don fushi, domin yarjejeniyar bai ɗaya da aka yi wa rajista a Ejar, wato dandalin intanet na gwamnati na rajistar haya, takarda ce da kotun zartarwa take aiki da ita kai tsaye, sai ka tarar mai gaskiya ya koma wanda ake bi bashi.

Ƙarafan taga hukuncinsu daban ne, tunda ƙari ne a jikin gini. Sai da izinin mai gida, a rubuce, tare da faɗin wanda zai biya da kuma makomarsu ranar da za ka tashi. Ina roƙonka ka sa a yi masu buɗuwa daga ciki, saboda gobara, musamman da yake akwai yara. Canza zuciyar makulli kuwa abu ne mai sauƙi da nake ba kowane sabon ɗan haya shawarar yi, domin babu wanda ya san yawan mabuɗan da ke hannun waɗanda suka zauna kafin shi. Ka ajiye tsohuwar ka mayar idan za ka fita.

Kyamara a cikin ɗakinka haƙƙinka ce. Ta kan matakala ko ƙofar shiga bene kuwa tana ƙarƙashin dokar kyamarorin tsaro ta 2022, kuma maganarta da mai gida za a yi ta. Dokar ta hana yaɗa abin da irin waɗannan kyamarori suka ɗauka ba da izinin hukuma ba, tarar kuwa riyal 20,000 ce. Na ambaci wannan ne domin mutanenmu suna saurin tura bidiyon wanda ake zargi cikin zaurukan WhatsApp da kyakkyawar niyya, ba su san suna jawo wa kansu ƙara ba.

Idan abin ya faru, Allah Ya kiyaye, kada a taɓa ƙofar kuma kada a kintsa ɗakin. Ka kira 911, lambar gaggawa a yankin Makka wanda Jidda take ciki, ka karɓi lambar rahotonka, ka roƙi 'yan sanda su karɓi faifan kyamarar benen da wuri, tunda wa'adin ajiyarsa da aka wajabta kwana 31 ne. Rasit ɗin gwal ɗin Hajiya da lambobin wayoyinku su ne za su tabbatar da abin da aka ɗauka, don haka a ɗauke su a hoto tun yanzu. Neman diyya daga mai gida ƙara ce daban da ake shigarwa ta Najiz, dandalin intanet na ma'aikatar shari'a, kuma ana iya gwada sulhu ta dandalin Taradhi.

Ba ka faɗi ko da sunanka aka yi rajistar hayar a Ejar ba. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suna karɓar ɗaki ne daga hannun wani ɗan haya, babu takarda, alhali yarjejeniyar da ba ta da rajista ba ta da tasiri a gaban hukuma da kotu. Idan haka taka take, 'yan sanda za su karɓi rahoton sata, amma ƙararka a kan mai gida za ta yi wuyar tsayuwa. Ka ɗauki iƙamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, ka je ofishin dillalin a yi rajistar a wannan makon, ka kuma nemi a sa maganar makulli da taga cikin sharuɗɗan.